Tasha ta Dubu Biyar da Takwas

A Rumde Ajiya, bayan sallar isha'i,
in Malam Hamajoda ya sallami masu buga takardu,
sai ya turo mini kujerar nan mai ɗingishi,
ya ce, "Lantana, zauna.
Yau za ki huda ƙofa a jikin na'ura."

Baƙin allo, farin rubutu, babu hoto ko ɗaya.
Yuniks ba ya yi wa baƙo fara'a.
Abin da ka faɗa yake ji, ba abin da ka nufa ba.
Fankar sama tana ta juya zafin Garwa
kamar mai tuƙa tuwon da ya ƙi nuna.

Na roƙi soket, ya miƙo mini lamba uku,
uku kawai, tsirara, ko gaisuwa babu.
Malam ya ce, "Riƙe ta, igiyarki ce.
Ɗaure ta a tasha, kasa kunne, ki jira mai zuwa."

Tasha na sani.
Babana Sallau ya tsufa da sandar tuƙi a Binuwai,
ya sha faɗa mana cewa jirgi ba ya ɗaukar mutum a tsakiyar ruwa.
Na zaɓi dubu biyar da takwas, don babu mai ita,
na ɗaure, na kasa kunne, na naɗe hannu.

Malam ya ƙwanƙwasa daga tasa na'urar.
An ƙi.
Ya sake. An ƙi.
Dare uku ana ƙinsa a ƙofata,
ni kuwa ina ciki, na share ɗaki, na shimfiɗa tabarma.
A dare na biyu wuta ta ɗauke da rabin aikina,
na koma gida a bayan babur ina lissafi da yatsu.

Ashe lambar ce na miƙa a juye.
Na'urata tana fara ƙirga daga wutsiya,
hanya kuwa daga kai take karantawa.
Ina can zaune a dubu talatin da shida da ɗari takwas da tamanin da uku,
gaɓar da ko masunci bai san da ita ba.
Kalma ɗaya na ƙara, mai juya lamba.
Malam bai yi dariya ba. Goro ya ɓare, ya ba ni rabi.

Sai ga baƙo ya shigo.
Na aika masa: ina kwana.
Abin da ya isa: ina kwa.
Sauran ya biyo baya shi kaɗai, kamar ɗan akuyar da ya makara.
Na ce na'ura ta cinye mini magana.
Ya ce, "Zuba guga biyu a kogi,
ki je ƙasan gada ki nuna mini inda na farko ya ƙare.
Ɗebi, ki sake ɗiba, har sai tulunki ya cika,
kuma ki faɗa tun farko girman tulun."

Ranar Alhamis ƙanena Tanimu, da ke karatu a Ngaundare,
ya nemi tashata daga can.
Na zuba wa allo ido har hawaye suka taru.
Layi ɗaya ya faɗo:
yaya ƙafar Baba?

Na rubuta: da sauƙi, yana tambayarka.
Na ƙirga haruffan da suka fita, sun cika cif.

Don murna na kashe shirin ban yi sallama ba,
na sake tayar da shi, Yuniks ya ce tashar da mai ita.
"Wa ya riga ni?"
Malam yana rufe taga, bai ko waiwayo ba.
"Ke ce," in ji shi. "Igiyarki tana nan a turke.
Jira kaɗan, ruwa ya kwanta.
Gobe za mu koyi yadda ake karɓar baƙi biyu lokaci guda.
Ki zo da goronki."